Wa ke da iko a asibiti, likita ko darekta?

Ɗan kasuwa ya sani, wanda ya riƙe lalita shi ke da magana a rumfa. Haka aka so a yi da asibitocin gwamnati a Faransa.

A 2009 shugaba Sarkozy ya nace sai asibiti ya zama da maigida guda. Dokar ministar lafiya Roselyne Bachelot, ta ranar 21 ga Yuli, ta danƙa wa darekta wuƙa da nama: kasafin kuɗi, har da naɗa likitocin da ke jagorancin manyan sassa. Majalisar likitocin asibiti, wadda su ke zaɓen shugabanta, aka bar ta da ba da shawara. Ga shi tun 2004 ana biyan asibiti gwargwadon yawan aikin da ya yi, sai gadon majinyaci ya koma abin lissafi; tsohon da jinyarsa ta daɗe ba ya kawo riba.

A Janairun 2020 likitoci fiye da 1,000 suka ce za su ajiye aikin ofis, amma ba za su bar duba marasa lafiya ba. Dokar Afrilun 2021 ta sassauta: darekta da shugaban majalisar likitoci ke naɗa shugaban sashe tare. Lalita dai ba ta bar hannun darekta ba.