Kora da Hali Kora Ce: Haƙƙin Ma'aikaci In An Matsa Masa Ya Bar Aiki

Ƙasar Katagum ta daɗe da yin suna wajen aikin gwamnati. Daga cikinta aka sami Alhaji Sule Katagum, wanda ya shugabanci Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya har zuwa 1975, da Alhaji Aminu Saleh, wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1993 zuwa 1995. A yau kuwa aikin albashi ya wuce ofisoshin gwamnati. A cikin Azare akwai bankuna, da makarantu masu zaman kansu, da gidajen mai, da ɗakunan shan magani na kuɗi, kowanne da ma'aikatansa. Wannan jawabi domin su duka ne, kuma ya shafi abu guda: abin da ma'aikaci zai yi in shugabansa ya matsa masa ya ajiye aiki.

Hausawa suna da suna ga wannan al'amari, watau kora da hali. Maigida ba ya cewa yaronsa ya tafi, amma yakan sa zama ya gagare shi. A wurin aiki, kora da hali takan zo ta hanyoyi da dama. Wani a riƙe masa albashi wata da watanni. Wani a rage masa girma ba da laifin kome ba. Wata a ɗora mata nauyin kawo wa banki ajiyar kuɗin da kowa ya san ba za su samu ba, sa'an nan a riƙa ci mata mutunci a gaban 'yan'uwanta. Wani kuma a kira shi ofis, a ajiye masa takarda da alƙalami, a ce ya rubuta ya bar aiki da kansa tun kafin a kore shi da baƙin suna.

Dalilin wannan dabara a fili yake. In ma'aikata ta sallami mutum, akwai abubuwan da doka ta ɗora mata. In kuwa shi ya rubuta da hannunsa cewa ya bari, sai ta ce ba ruwanta. Saboda haka lalle ne kowa ya san abin da yake zubarwa ranar da ya sa hannu.

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3 da kama aiki. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sallama: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba; mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba; mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5; wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Sashe na 20 ya ce in rage ma'aikata za a yi, a sanar da ƙungiyarsu dalili, a fara da wanda ya zo daga baya tare da duba ƙwazo da amana, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Sashe na 54 ya hana a ba mace takardar kora tana cikin hutun haihuwa. Dokar ta kuma hana korar mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Wannan doka ta fi shafar leburori da akawuna. Manyan ma'aikata da masu aikin ƙwarewa, takardar ɗaukarsu da ƙa'idodin ma'aikatarsu ne madogararsu. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba a raba shi da aikinsa sai an bi matakan ladabtarwa da dokokin aikin gwamnati suka shimfiɗa, an kuma ji ta bakinsa.

To, in an riga an tilasta mutum ya rubuta fa? A nan ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa take shigowa. An kafa ta a 1976, kuma gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010 ya ba ta, a sashe na 254C, ikon sauraron dukan ƙararrakin aiki, har da na zaluncin da ake yi wa ma'aikata. Tana da reshe a Bauchi. Matsayin da kotun ta ɗauka shi ne, wanda aka ƙuntata wa har ya bar aiki, ko aka umarce shi ya ajiye, daidai yake da wanda aka kora. A 2014 ta yanke irin wannan hukunci a Legas, a ƙarar da wata ma'aikaciya ta kai wani kamfanin inshora. Haka kuma a 2022 Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta yi hani ga cin zarafi da tsangwama a wurin aiki.

Amma kotu da hujja take aiki, kuma nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara. Ba kowane ɓacin rai ne kora da hali ba. Shugaba yana da ikon ba da takardar tuhuma, da yin gargaɗi, da canja wa mutum wurin aiki in sharuɗɗansa sun yarda. Wanda aka mayar da shi Gamawa ko Shira bisa ƙa'ida ba shi da ƙara. Har ila yau, a kamfani mai zaman kansa galibi diyya kotu take sa a biya. Mayar da mutum bakin aikinsa ya fi samuwa ga wanda doka ce ta tsara aikinsa, kamar ma'aikacin gwamnati.

Saboda haka ga abin da ya kamata ma'aikaci ya yi. Da farko, kada ya sa hannu a kan kowace takarda nan take. Ya nemi lokaci, ya karɓi kwafe ya tafi da shi gida. Na biyu, ya roƙi a rubuta masa abin da aka faɗa masa da baki. In an ƙi, shi ya rubuta wa shugaban cikin ladabi, ya ambaci rana da abin da aka ce, ya adana kwafe. Na uku, ya tara takardar ɗaukarsa, da takardun albashi, da saƙonnin waya, a gida, ba a cikin aljihun teburin ofis ba. Na huɗu, ya ci gaba da zuwa aiki kan lokaci, ya amsa kowace tuhuma a rubuce, domin ranar da ya yi fushi ya zauna a gida ya ba da sandar da za a doke shi. In kuwa zama ya gagara sam, ya faɗi ainihin dalili a cikin takardar barin aikinsa. Wanda ya rubuta godiya da yabo, ya ce don kansa ya tafi, zai sha wuya kafin alƙali ya yarda tilas aka yi masa.

Wuraren kai kuka suna nan. Akwai ƙungiyar ƙwadago ta wurin aikinsa, da reshen Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya na jiha. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Bauchi, wanda yake sasanta ma'aikaci da mai aiki. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba a biyan ko kwabo. Kada a yi jinkiri, gama doka ta yanka wa ƙara lokaci. Wanda kuma yake cikin tsarin fansho na adashi ya sani ajiyarsa tasa ce. Dokar Fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, ya ciri kashi 25 cikin 100.

Ga shugabanni kuma akwai jan kunne. Mai makaranta ko manajan da ya ga ba zai iya riƙe ma'aikaci ba, ya sallame shi a fili, ya ba shi wa'adinsa, ya biya shi haƙƙinsa. Wannan ya fi masa araha bisa ga zaman kotu, ya kuma fi masa mutunci a garin da kowa ya san kowa. Albashin mutum ɗaya a Azare yakan ciyar da gida guda, har ya kai ga iyaye a ƙauye. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa wanda bai ji ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.