Gawayin Da Muke Saye Da Damunar Da Muke Jira: Jawabi A Taron Ƙungiya

 

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwana 'yan kasuwa, ina yi muku barka da zuwa. An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan canjin yanayi, to zan taƙaita a kan ɓangaren da hannunmu ke ciki, wato gawayi.

Jama'a, mu tuna abin da ya kawo da yawa daga cikinmu ƙasar Lafiya. Wasu fatauci ne ya kawo kakanninsu, amma akwai gidaje da dama da farin 1973 da na 1984 ne ya koro su daga Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Suka zo suka tarar da daji mai duhu, da ruwa isasshe, da doya da riɗi da agushi, masu gari kuma suka karɓe su hannu bibbiyu. Wanda ya gudo wa fari ai ya fi kowa sanin darajar itace.

To yau ina muke? Damuna ta daina zuwa da tsari. Ruwa ya sauka a yi shuka, ya ɗauke sati biyu ko uku iri ya ƙone, sannan ya dawo da ƙarfin da zai kwashe gona. A 2012 kogin Binuwai ya cika ya batse bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, garuruwan bakin kogi irin su Loko da Tunga suka sha ruwa. A faɗin Nijeriya mutum 363 suka rasu a shekarar, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 abin ya sake dawowa, mamata suka haura 600, hanyar Lakwaja ta yanke har man fetur ya yi wuya a Abuja. Duk ɗan kasuwar hatsi da ke nan ya san yadda farashi ya yi a waɗannan shekaru.

Masana sun ce hayaƙin fetur da gas da kwal da ake ƙonawa shi ne yake taruwa a sama yana riƙe zafin rana, zafin kuma ya hargitsa iska da ruwan sama. Gaskiya ne mafi yawan hayaƙin nan na Amurka da Turai da Sin ne, ba namu ba. Amma itace yana shanye wannan hayaƙi, saiwarsa kuma tana riƙe ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Wannan kam a hannunmu yake.

Duniya ta fara juya wa fetur baya. An ƙulla yarjejeniyar Faris a 2015, kuma a 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawari a Gilasgo cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Ko a jiharmu mun ga alama. A 2023 aka fara haƙar neman mai a ƙaramar hukumar Obi, a 2024 kuma aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam a ƙaramar hukumar Nasarawa, wanda da shi ake yin batirin waya da na sola da na mota mai lantarki. Ɗan kasuwa mai hankali yakan duba inda kasuwa ta nufa tun kafin ta watse.

Sai dai akwai wani abu da dole mu faɗa wa juna. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na iskar gas suka tashi, gidaje da yawa suka koma gawayi. Ku tsaya a hanyar Akwanga ku ƙirga motocin da ke wucewa da buhuna zuwa Abuja. Ƙirya ta yi ƙaranci, gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa. Kaɗanya tana kai shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, a sare ta da hantsi, a sayar da ita buhu kaɗan. Matan ƙauye da ke cin abinci da man kaɗe da daddawa fa, ina za su sa kansu?

Na sani ba mu kaɗai ke wannan ciniki ba, kuma na sani akwai 'yan'uwa a zauren nan da shi suke ciyar da iyali. Ban zo in tozarta kowa ba. Amma mu baƙi ne da aka yi wa masauki. Ranar da daji ya ƙare, aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi, kun san inda yatsa zai fara nunawa. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina da Eggon da Alago da Gwandara da Bare-bari ya fi ribar buhun gawayi.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na farko, dillalanmu su yi alkawari ba za su sayi gawayin kaɗanya da ɗorawa ba. Idan babu mai saye, mai sara zai ajiye gatari. Na biyu, mu kafa adashe na musamman domin sayen sola ga masu shago da masu cajin waya, a rage kuɗin da janareta ke ci, a kuma taimaka wa masu son sauya sana'a da jari. Na uku, kowace makarantar Islamiyya da masallacinmu su dasa itatuwa a farkon damuna, a ba ɗalibai amanar ban ruwa. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar musulmi sadaka ce gare shi.

Ina roƙon shugaba ya naɗa kwamiti kafin mu tashi, ya kawo mana rahoto a taro na gaba. Allah ya ba mu damuna mai albarka, ya zaunar da Jihar Nasarawa lafiya.