HAƘORIN NAƘASASSHE MA YANA DA LIKITANSA

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ma'aikacin lafiyar haƙori, ya gabatar a taron wata-wata a Idi-Araba, Legas

  

An ba ni minti goma sha biyar in yi magana a kan haƙoran 'yan'uwanmu naƙasassu. Na san wani zai ce, yo mutumin da ke fama da shan-inna ko makanta, ta haƙori ake yi? To jama'a, ta haƙori ake yi. Bakin nan da shi ake cin abinci. In ya lalace mutum ya daina tauna, sai rama ta biyo baya, sai lalurar da yake da ita ta ƙaru.

Da farko ku sani kula da haƙoran naƙasassu fanni ne mai zaman kansa a aikin likita. A Ingila hukumar likitocin haƙori ta amince da shi a shekarar 2008, wato likita zai gama karatunsa na haƙori, sa'an nan ya ƙara wasu shekaru yana koyon wannan aiki kaɗai. Dalili kuwa shi ne kowace lalura da irin ɓarnar da take yi wa baki. Bari in kawo muku misalai.

Mai farfaɗiya da ke shan maganin nan fenitoyin, sau da yawa dasashinsa kan kumbura har ya hau kan haƙora. Kada a daina maganin, a dai gaya wa likita, a kuma ƙara tsabtar baki. Masu shan maganin taɓin hankali, bakinsu kan bushe. Miyau kuwa shi ke wanke haƙori, in babu shi sai kogo ya yi yawa. Yaron da ke shan magani na ruwa mai zaƙi kullum, musamman da dare, sukarin nan na kwana a bakinsa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, abinci kan taru a kumatun da ya mutu bai sani ba, in ya kwanta ya shaƙe shi, yana iya zame masa ciwon huhu. Yara masu lalurar da likitoci ke kira Down, ciwon dasashi kan kama su tun da wuri, kuma da dama cikinsu an haife su da matsalar zuciya, saboda haka tilas likitan haƙori ya sani kafin ya taɓa su. Haka mai sikila, a faɗa tun a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne wanda ba ya iya magana. Haƙori na cizonsa, ba shi da bakin faɗa. Sai ku ga ya ƙi abinci, ko yana dukan fuskarsa, ko ya hana kowa barci, a ce rigima ce ko iskoki. Iyaye mata, kafin a ce komai, a haska tocila a duba bakinsa.

To me za a yi a gida? A goge baki sau biyu a rana, safe da kuma kafin barci, da man goge baki mai fulorayid, gwargwadon ƙwayar wake. A tofar, kada a kurkure da ruwa. In hannunsa ba ya riƙe buroshi, a naɗa tsumma a mariƙin ya yi kauri. In wani ne zai goge masa, ya zaunar da shi, ya tsaya ta bayansa ya tallafi kansa, kada ya sa yatsa tsakanin haƙoransa. Asuwaki yana da kyau ƙwarai ga wanda zai iya, amma wanda ba ya iya haɗiya sosai, a kiyaye kada ɓaɓɓakensa ya shaƙe shi. Sa'an nan mu rage alawa da lemon kwalba da muke ba yaran nan don lallashi. Wallahi tausayi ne mai cutarwa. Ku kuma lura, wajen shekara 6 turmin farko na girma yake fitowa can ciki, ba na nono ba ne, in ya tafi ba ya dawowa.

Don Allah a guji ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙonewa yake yi. A guji ruwan batir. A guji masu cire haƙori a bakin tasha.

Sai maganar asibiti. Mu nan Allah ya yi mana gata, asibitin koyarwa na LUTH maƙwabcinmu ne, kuma yana da sashen haƙori har da na yara. Wanda ba ya iya zama tsit a kujera, akwai hanyar da ake sa shi barci a yi masa aikin gaba ɗaya. In za ku je, ku tafi da dukan magungunan da yake sha, da mutumin da ya saba da shi. Kurma kuwa a tafi masa da mai yi masa ishara, domin likita kan rufe bakinsa, ba zai ga leɓɓansa ba. Ku kuma san haƙƙinku. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ce a fara sallamar naƙasasshe in ana layi. Ba alfarma ba ce.

Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa bai wuce uku ba: kuɗin mota, rashin Turanci ko Yarabanci, da jin kunyar fita da yaron. Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da shugabar mata su taimaka a rubuta gidajen da ke da mai lalura. Na biyu, samarinmu 'yan makaranta su riƙa karɓa-karɓa wajen rakiya da tafinta. Na uku, a ware wani abu daga kuɗin wata don mota da kati. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kunya kuwa, babu abin kunya ga abin da Allah ya ba ka amana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri. Wanda ke da tambaya, ina nan bayan addu'a.