Kofaton Duƙushi Amana Ne a Wuyanmu

 

Da yawa daga cikinmu mun sayi duƙushi mun ɗaure a gida saboda hawan Sallah, muka koma Kano ko Legas, sai aiken kuɗin dawa da harawa. Babu mai tambayar kofato, alhali kuwa yana bukatar yanka duk bayan mako 6 zuwa 8, idan ya lalace kuma sai ya kusa shekara kafin sabo ya gama saukowa.

Abin da ya fi damuna shi ne bulala. Duƙushin da ƙafarsa ke ciwo, in aka ɗaga masa lafiyayyar, nauyinsa kan mai ciwon yake komawa, dole ya fizge. Sai yaron barga ya ce taurin kai ne, ya dake shi, ko a sa masa dabaibayi a kayar. Daga ranar ba zai sake yarda a taɓa masa ƙafa ba. A tsayar da shi kan yashi mai laushi, wanda ya saba da shi ya riƙe ragama, a fara da ƙafar da ta fi ciwo, a ɗaga kaɗan, a yanka kaɗan, a sauke ya huta. In aikin ya kai kwana uku, ba laifi.

Idan kofato ya yi zafi, dokin yana miƙe ƙafafun gaba yana jingina baya, galibi hatsin da muke dura masa gab da Sallah ne. A janye hatsin, a kira likitan dabbobi ranar. Wanda ya taka ƙusa kuwa, lallai a yi masa allurar tetanus.