Ku Faɗa wa Likita Gaskiyar Abin da Kuka Ba Mara Lafiya

An ce in yi magana kan adashi, amma ku yi mini haƙuri, wata maganar ce ke cina.

Yawancinku kun san abin da ya sami ƙanwata bayan haihuwarta ta uku. Tun ba a yi suna ba ta daina barci, ta ƙi shayar da jinjiri, sai surutai. Kowa ya ce iska ce. Wata biyu muna ruƙiyya, ga hayaƙi, ga jiƙe-jiƙe, har buhun masara biyu suka tafi. Sai da ƙungiya ta ba ni rance muka bi ta Funtuwa zuwa wani asibiti a Zariya.

A mota mijinta ya ce kada mu kuskura mu ce mun je wurin malam, faɗa za a yi mana. Wata nas kuwa ta harare mu da ta ga laya a wuyan yarinyar. Amma likitan ƙwaƙwalwar da kansa ya tambaya: "Hajiya, me da me kuka ba ta?" Na yi jim, sannan na zayyane masa komai. Wallahi bai ce mana jahilai ba. Ya ce addu'a da tofi mu ci gaba, hankalinta zai fi kwanciya. Abin da ya hana shi ne duka, da ɗauri, da jiƙon da ba a san me ke ciki ba, don yana iya karo da ƙwayar asibiti. Ya kuma ja kunnenmu kada a daina ƙwayar don an ga sauƙi.

Ashe ba sabon abu ba ne. A ajinmu na yaƙi da jahilci malama ta ba mu labarin Dakta Lambo, wanda a 1954 a Aro ta Abeokuta ya fara ajiye masu taɓin hankali cikin ƙauyuka tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Ɗauri kuwa, kun dai tuna 2019, da 'yan sanda suka fito da mutane daga wani gida a Daura da mari a ƙafa.

Yau ƙanwata ita ke tsare mini rumfa ranar kasuwa, da goyonta. Roƙona, Shugaba, mu ware wani abu a asusu don kuɗin motar asibiti, mu tattauna shi a zama mai zuwa.