Addu'ar Baƙo A Garin Da Ba Nasa Ba

 

An ce in yi magana a kan ikon addu'a, da abin da Littafi Mai Tsarki yake koya mana game da shi. Maganar tana da faɗi, lokaci kuwa kaɗan ne, don haka zan tsaya a wurare uku da suka shafi mutanen da suka yi addu'a nesa da gida. Yawancinmu a nan neman abinci ne ya raba mu da garuruwanmu: wani ciniki, wani aikin gwamnati, wani soja ko ɗan sanda. To, yaya baƙo zai yi addu'a har ta yi aiki?

Wuri na farko, Irmiya sura 28 da 29. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe sarkin Yahuza da fadawansa da masu sana'a daga Urushalima, ya kai su ƙasarsa. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi ya ce cikin shekara 2 kowa zai dawo gida. Maganar ta yi daɗin ji, amma ƙarya ce, shi kansa ma bai ga ƙarshen wannan shekarar ba. Irmiya kuwa ya aika wa waɗanda aka kwashe da wasiƙa, ya shaida musu zaman zai kai shekara 70. Ya ce su yi gini, su yi noma, su aurar da 'ya'yansu, sa'an nan su riƙa yi wa Babila addu'a, domin zaman lafiyarsu yana haɗe da nata.

Jama'a, kun ji fa. Garin da ya kamo su, shi aka ce su roƙa wa alheri. Mu ba a kamo mu ba, da ƙafarmu muka zo, ƙasar kuma tamu ce duka. Amma mu tambayi kanmu: yaushe rabon da mu ambaci sarkin garin nan a cikin addu'a, ko mai gidan da muke haya, ko maƙwabcin da ba ya jin Hausa, ko ɗan'uwanmu Musulmi da muke rumfa ɗaya da shi? Ranar da wuta ta kama a kasuwa, ai ba ta tambayar yaren mai shago. Addu'ar da ta tsaya a ƙofar ɗakinka kaɗai, ba ta cika ba tukuna.

Wuri na biyu, Daniyel sura 6. Sarki Dariyus ya naɗa hakimai 120, ya sa mutum uku a kansu, Daniyel yana ɗaya daga ciki. Baƙo ya yi fice, sai hassada ta tashi. Suka binciki aikinsa ba su sami ha'inci ba, sai suka sa sarki ya kafa doka cewa har kwana 30 kada kowa ya roƙi wani sai sarki. Me Daniyel ya yi? Ya hau benensa, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba.

Wannan sabon, a nan ƙarfin yake. Daniyel bai fara addu'a ranar da aka ambaci ramin zakoki ba, ya daɗe yana yi. Da yawa a cikinmu sai an ba mu takardar tashi daga gida, ko yaro ya kwanta asibiti, muke tuna inda muka ajiye Littafi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ku lura kuma, maƙiyansa ba su sami ko anini a hannunsa ba. Wanda ke tauye mudu da rana ya zo yana ɗaga murya da dare, wa yake ruɗi?

Wuri na uku, Nehemiya. Shi mai shayar da Sarki Artashate ne a fadar Shushan, ta ƙasar Farisa, wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu. Labari ya zo masa cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofin kuma an ƙone. Ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a tun daga watan Kisle har watan Nisan, wato kusan wata huɗu. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, ya yi gajeriyar addu'a a zuciyarsa, sa'an nan ya buɗe baki ya nemi izini, da takardun hanya, da katako. Da maƙiya suka yi barazana, mutanensa suka roƙi Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Cikin kwana 52 aka gama garun.

Kun gani? Addu'a ba ta hana shi lissafi ba, ita ce ma ta ba shi ƙarfin zuciyar tsayawa gaban sarki. In kana roƙon Allah ya gyara makarantar ƙauyenku, ka sa hannu a aljihu ranar tarin kuɗi. Allah ya ce tashi in taimake ka.

Sai in ja kunnenmu a kan abu ɗaya. Addu'a ba laya ba ce, ba kuma kayan sayarwa ba. A Ayyukan Manzanni sura 8, Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai. Duk wanda ya yanka muku farashi kafin ya yi muku addu'a, ku riƙe kuɗinku ku biya wa yara makaranta. A Matiyu sura 6, Ubangiji ya hana mu addu'ar ganin ido da yawan surutu, domin Uba ya riga ya san bukatarmu.

Kuma ba kullum amsar take zuwa yadda muke so ba. A 2 Korantiyawa sura 12, Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa. Ba a cire ba, alherin jimrewa aka ba shi. Yesu da kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, amma ya miƙa kai ga nufin Uba. Saboda haka uwar da ta daɗe tana roƙon haihuwa, da magidancin da aiki ya ƙi samuwa, kada wani ya ce muku rashin bangaskiya ne. Ikon yana wurin Wanda ake roƙo, shi ne kuma ya san lokaci.

Ga roƙona gare ku. Kowane gida ya tsai da lokaci ɗaya a rana, ko da minti goma ne, iyaye da yara tare. Ku ambaci garin nan da masu mulkinsa. Ku ambaci gida da waɗanda muka baro. In kun tashi daga gwiwa, ku duba abin da hannunku zai iya yi, ku yi shi.

Ubangiji ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya kiyaye tafiyarmu da dawowarmu. Amin.