Teku Na Cin Gaɓa, Ƙaramar Hukuma Na Gaban Alƙali: Darasi Daga Ostireliya



Tambayar da ta tara mu yau ita ce: idan teku ta fara cin ƙasar da mutane suka yi gini a kai, wa zai ɗauki asarar? A Ostireliya an daɗe ana kai wannan tambaya gaban alƙali, kuma galibi ƙaramar hukuma ake tuhuma, domin ita ke sa hannu a takardar izinin gini.

Mu fara da jihar Victoria. Ƙaramar hukumar South Gippsland ta ba da izinin gina gidaje shida a wani fili mai kwari kusa da gaɓa. Hukumar kula da gaɓar tekun yankin ta ƙalubalanci izinin, kuma a 2008 kotun sauraron ƙorafin gudanarwa ta soke shi. Cikin hujjojinta har da cewa sauyin yanayi zai ɗaga ruwan teku, kuma rashin sanin iyakar haɗarin ba dalili ba ne na jefa mutane cikinsa. A nan laifin ƙaramar hukuma shi ne ta yarda.

A Byron, jihar New South Wales, laifinta shi ne ta hana. Tun 1988 ta ɗauki manufar ja da baya sannu a hankali: a bar teku ta yi halinta, gidan da zaizaya ta matso masa a ɗauke shi. Da guguwar 2009 ta cinye bakin tekun Belongil da ke yankin, wani mai gida ya so jibge duwatsu don kare filinsa, hukuma ta garzaya kotu ta tsayar da shi. Masu gidaje suka shigar da tasu ƙarar, suna cewa katangar duwatsun da aka gina don kare tsakiyar gari ce ta tare yashi, ta ƙara musu zaizaya. Sai a 2016 aka sasanta: aka biya su dalar Ostireliya miliyan 2.75, aka kuma bar katangun da suka riga suka yi.

Kun ga halin da ƙaramar hukuma ke ciki: gaba kura, baya siyaki. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne gwamnatin jiha. A 2009 New South Wales ta tsayar da ma'auni, cewa a yi tsari bisa tashin teku da santimita 40 zuwa 2050, da 90 zuwa 2100. A 2012 ta janye shi, ta bar kowace ƙaramar hukuma ta nemo nata. Hukumar da ta fi kowa ƙarancin kuɗi da ƙwararru ita aka bar wa hukunci mafi nauyi.

Mu a Arewa ba mu da teku, amma muna da ambaliya. Maiduguri ta shaida a 2024. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumominmu ikon ba da filaye a karkara, don haka tambayar tamu ce. Ra'ayina shi ne jiha ta shata iyakar haɗari a doka, a buga taswirarta kowa ya gani kafin ya sayi fili, a kuma kare jami'in da ya hana gini da gaskiya. Faɗa wa mutum cewa filinsa hanyar ruwa ce yana da ɗaci, amma haƙƙinsa ne ya ji kafin ya zuba tubali.